Yadda Ake Gano Matsala Idan an Haɗa Fankar Silin da Makunnin Bango

Yawancin matsalolin da ke tasowa bayan an rataya sabuwar fanka a gurbin ƙwan fitila ba daga fankar suke ba, daga wayoyin da ke cikin silin suke, musamman waya ɗaya da ke dawowa daga makunnin bango. Kafin a taɓa komai, a kashe bireka, wato makunnin kariya da ke yanke wuta, daga babban akwatin wuta, sannan a gwada kowace waya a tabbatar babu wuta a jikinta, domin kashe makunnin bango kaɗai ba ya isa.

A gidaje da dama, idan aka cire fitila za a tarar da igiyoyin waya biyu ko uku sun haɗu a wuri ɗaya: ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta wuce da ita ɗaki na gaba, ɗaya kuma ta gangara zuwa makunni. A tsarin da ake bi a Turai da ƙasashe da yawa, waya mai launin ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, mai ratsin kore da rawaya kuma ita ce wayar ƙasa, wato ta kariya. A tsohon tsarin Ingila ja ce mai wuta, baƙa nutural, alhali a Amurka baƙar ita ce mai wuta, fara kuma nutural. To amma igiyar da ta tafi makunni ba ta bin wannan ƙa'ida, saboda wuta tana sauka ta waya ɗaya ta dawo ta ɗayar, ke nan wadda ke da launin nutural ma wuta take ɗauka da zarar an kunna. Ya kamata mai aikin farko ya naɗa mata salatif don a gane ta, sai dai sau da yawa ba a yi.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Mutum zai tattara duk masu launi ɗaya ya murɗe su tare, sai fanka ta kama juyi babu tsayawa, yana danna makunni kuma bireka ta faɗi, domin ya haɗa wuta da nutural kai tsaye. Maganinsa shi ne a kashe wuta, a raba wayoyin, a ɗauki mitar gwaji, wato na'urar auna wuta da haɗuwar waya, a nemo biyun da ke nuna sun haɗu idan an kunna makunni, su rabu idan an kashe. Ɗaya daga cikinsu za ta shiga tarin wayoyi masu wuta, ɗayar kuma ita kaɗai za a haɗa da wayar wuta ta fanka. Nutural ɗin fanka ya tafi ga sauran nutural, wayar ƙasa kuma a ɗaure ta da jikin ƙarfen fankar. A ganina mitar gwaji ta fi tasta mai ƙaramin ƙwai amana, domin tasta kan yi haske ko a kan wayar da kawai ta kwanta kusa da mai wuta.

Idan an kashe makunni fanka ta tsaya, amma har yanzu akwai wuta a jikin wayarta, to nutural makunnin yake yankewa, kuma dole a gyara wannan nan take, don yana iya hallaka wanda ya hau gyara.

Fankar da ke gurnani ba ta juyawa sai an tura fuka-fukanta, galibi kafasitarta ce ta mutu, wato ɗan abin da ke ba injin ƙarfin fara juyi, kuma a sauya ta da mai lamba iri ɗaya, wadda a fankoki da yawa 2.5µF ake rubutawa a jikinta. Idan kuwa gurnanin yana zuwa ne lokacin rage gudu, a duba ko makunnin rage hasken fitila aka bari a bango, domin ba a yi shi don inji ba, regileta ta fanka ake buƙata. Girgiza kuma daga sukurorin fuka-fukai ko ƙugiyar rataya take fitowa, kuma akwatin da aka yi don fitila ba zai ɗauki nauyin fanka mai juyi ba. Duk inda aka ga waya ta ƙone, ko robarta tana marmashewa a hannu, a bar bireka a kashe a kira ƙwararren mai gyaran wuta.