Kurakuran da Masu Neman Salsala Suka Fi Yi a Intanet da Rumbunan Tarihi

Yawancin masu binciken salsala kan buɗe shafukan intanet na binciken zuri'a irin su FamilySearch ko Ancestry ko MyHeritage, su rubuta sunan kaka, su ga ya fito a jerin zuri'ar da wani ya haɗa, sai su kwafe gaba ɗaya. Daga nan ɓarna take farawa. Masu amfani da shafin ne ke gina waɗannan jerin, kuma a babban jerin FamilySearch duk wanda ya yi rajista yana iya sauya abin da wani ya rubuta. Kuskure ɗaya kan bazu ko'ina, yawan maimaita shi kuwa ba hujja ba ne. Kada ka karɓi suna sai ka ga takardar da ta tabbatar da shi: ta haihuwa, aure, mutuwa ko ƙidaya. Fara daga kanka ka yi baya, uba bayan uba, ba tsallake.

Ko takardar ma, abin da bincike ke fito maka da shi fihirisa ce kawai, wato yadda wani mutum ko na'ura ya karanta tsohon rubutun hannu. Buɗe hoton asali ka karanta da idonka. Sau da yawa sunayen shaidu, sana'a da unguwa suna can ba a kwafo su ba. Haka nan, rashin fitowar suna ba ya nufin babu shi. FamilySearch na da ɗimbin hotunan rajista da ba a yi musu fihirisa ba, sai ka shiga kundin kayansu ka nema da sunan gari, ka bi shafi-shafi.

Rubutun suna ma tarko ne. Magatakarda abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, don haka mutum ɗaya kan fito da rubutu iri uku. In kana neman suna a shafin, sa alamar tauraro (*) a gurbin haruffan da kake shakka. Shekaru kuwa, a ba su rata ta biyu zuwa biyar. A ƙidayar Ingila ta 1841 an umarci masu ƙidaya su rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa adadin da biyar ke rabawa, mai 29 sai a rubuta 25. Ga kuma kalanda: kafin 1752 shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take farawa, shekarar Hijira kuwa ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11.

Wasu kan ɓata watanni suna neman abin da babu shi. Gobara ta cinye mafi yawan ƙidayar Amurka ta 1890 a shekarar 1921, ta Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone a 1942, ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi. Wasu takardun kuma doka ce ta kulle su: Amurka na riƙe bayanan ƙidaya shekara 72, shi ya sa ta 1950 sai 2022 ta fito. Inda aka sami giɓi, a koma ga rajistar haraji, ta masu zaɓe, takardun gado na kotu da tsofaffin jaridu. A Ingila rajistar jama'a ta 1939 ce ke cike gurbin.

Kuskuren da ya fi wahalar ganewa shi ne neman takarda bisa taswirar yau. Takarda tana hannun hukumar da ke mulkin wurin lokacin da aka rubuta ta. Shi ya sa takardun ƙasashe da dama da Faransa ta mulka suke birnin Aix-en-Provence na Faransa, na Birtaniya da yawa kuma suna rumbun ƙasa da ke Kew a Landan.

In za ka je rumbu da ƙafarka, duba kundinsu a intanet tun daga gida, ka rubuta lambar kowane fayil, ka tambayi ko sai an nemi fayil kafin ranar zuwa. Tafi da katin shaida da fensir, domin galibi ba a yarda da biro kusa da takardun asali. Duk abin da ka samu, rubuta sunan rumbun, lambar fayil da shafi nan take, har da inda ka duba ba ka samu ba. Aikin da ka tara a shafi mai kuɗi kuma, sauke shi a fayil ɗin GEDCOM, wato nau'in fayil na adana jerin zuri'a, kafin rajistarka ta ƙare. Hotunan takardun sai ka adana su daban, don fayil ɗin ba ya ɗauke da su.