Yadda sabon hannu zai zaɓi injin goge fentin mota

Yawancin waɗanda ke sayen injin goge fenti a karon farko suna ɗauka cewa man da ake shafawa shi ne ke cike karcen da ke jikin mota har ya ɓace. Ba haka abin yake ba. Injin cin fentin yake yi kaɗan-kaɗan, kamar yadda kafinta ke bin katako da sanfefa, har sai saman fentin ya sauko ya yi daidai da gindin karcen, sannan haske ya daina tarwatsewa a wurin, ido ya ga sheƙi. Fentin motocin zamani hawa uku ne: firama a ƙasa, launi a tsakiya, sai kuma wani marar launi a sama wanda masu fenti ke kira kiliya, kuma shi ne ke kare launin daga rana. Idan aka haɗa ukun yadda suke fitowa daga masana'anta, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, rabon kiliya a ciki kuwa bai cika wuce 35 zuwa 50 ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Abin da inji ya cinye ba ya dawowa, kuma ranar da aka huda kiliya aka taɓa launi, babu wani man da zai gyara wurin, sai dai a koma wajen mai fenti. Saboda haka tambayar da ta kamata sabon hannu ya yi ita ce: wane inji ne zai ba ni damar yin kuskure ba tare da na lalata motar ba?

Injinan kashi uku ne, kuma bambancinsu yana cikin yadda faifan da ake liƙa wa soso yake motsi. Na farko shi ne wanda ake kira rotari, wanda faifansa ke juyawa a wuri ɗaya kai tsaye daga motar injin, wato na'urar lantarkin da ke cikinsa mai juya shi, yawanci tsakanin juyi 600 zuwa 3000 a minti ɗaya. Shi ne tsohon makamin masu sana'a, yana cire karce mai zurfi da sauri, kuma ba ya tsayawa komai dannawar da aka yi masa. Wannan ƙarfin nasa shi ne haɗarinsa. Da yake bakin soson ya fi tsakiyarsa gudu, zafi yana taruwa a gefe, kuma idan hannu ya ɗan karkata ko aka daɗe a kan kaifin ƙofa ko bakin bonet, inda fenti ya fi siriri, cikin daƙiƙoƙi kaɗan za a ƙone wurin. Ko da ba a ƙone ba, hannun da bai saba ba yakan bar sawun inji, wato wasu layuka masu walƙiya da ba a ganinsu a inuwa, sai an fito da motar rana su bayyana, musamman a kan baƙin fenti. Ba na ba wanda bai taɓa riƙe inji ba shawarar ya fara da rotari a kan motar da yake ƙauna.

Na biyu shi ne mai motsi biyu, wanda za ka ga an rubuta DA a jikin kwalinsa. A cikinsa motar injin ba ta juya faifan kai tsaye, tana dai kaɗa shi ne a wani ƙaramin kewaye, shi kuma faifan da ke sake a kan boris yana juyawa da kansa saboda ƙarfin kaɗawar. Amfanin wannan tsari biyu ne. Soson ba ya bin hanya ɗaya sau biyu a jere, don haka zafi ba ya taruwa wuri guda kuma ba a samun sawun inji irin na rotari. Sannan idan ka danna fiye da kima ko ka karkata injin, juyin faifan yakan ragu ko ya tsaya cak, ya bar kaɗawa kawai. Ƙwararru suna ganin wannan tsayawar a matsayin aibi domin tana ɓata musu lokaci, amma ga mai koyo ita ce kariyarsa, domin injin yana daina ci a daidai lokacin da hannu ya yi ba daidai ba. Asalin wannan nau'i daga injin goge katako ne, kuma Porter-Cable 7424 na Amurka shi ne ya shahara wajen shigo da shi hannun masu motoci a gida. Kada dai a ɗauka cewa ba zai iya ɓarna ba ko kaɗan: da soso mai kaushi da man da ke ci sosai, shi ma yana iya huda kiliya a kan kaifi ko a kan bambar roba, wadda ba ta watsar da zafi kamar ƙarfe.

Na uku yana tsakanin biyun. Yana kaɗawa yana kuma juyawa, amma giya ce ke tilasta juyin, don haka ba ya tsayawa, irin su Flex XC 3401 na Jamus. Inji ne mai kyau, sai dai yana jan hannu gefe, yana gajiyarwa, kuma ya rasa wannan kariyar da muka ambata. A bar shi sai hannu ya faɗa.

Idan an tsaya a kan DA, abin da ya fi rikita masu saye shi ne lambar milimita da ake rubutawa tare da sunan injin, wato 8, 12, 15 ko 21. Wannan lamba ba girman faifai ba ce, faɗin kewayen da faifan ke yi ne a kowace kaɗawa. Mai milimita 21, irin wanda kamfanin Rupes na Italiya ya yi suna da shi a jerin BigFoot, yana share wuri mai faɗi da sauri, kuma ba shi da na biyu a kan rufi da bonet da gefen manyan motoci inda jiki yake a shimfiɗe. Amma da zarar ya isa lanƙwasa ko kwarin da ke jikin ƙofa sai ya riƙa tsayawa, kuma da wuya a kusantar da shi ga madubi ko hannun ƙofa ba tare da ya buge su ba. Mai milimita 8 ya fi jinkiri kuma ya fi jijjiga hannu, amma yana shiga ko'ina, sannan yawanci ana iya sauya masa faifai, a sa na milimita 125 don jikin mota, a sa na 75 don bamba da ginshiƙan gilashi. Manyan kuwa an daidaita nauyin cikinsu ne da girman faifai ɗaya, idan aka canza sai jijjiga ta ƙaru. A ganina, wanda inji ɗaya kaɗai zai mallaka kuma motarsa ɗaya ce ko biyu, mai milimita 8 ya ishe shi. Wanda kuma yake da niyyar mayar da abin sana'a nan gaba, mai milimita 15 da faifan 125 ya fi dacewa da shi, domin ya haɗa sauri da sauƙin sarrafawa. Faifan 150 a kan ƙaramin inji kuskure ne da ake yawan yi, saboda nauyin soson yana rage juyi, aikin da ake so ya yi sauri sai ya ƙara jinkiri.

Akwai abubuwa biyu da ke kama da injin goge fenti amma ba shi ba ne. Ɗaya ita ce girandar masu walda, wadda wasu ke ɗaura wa soso: ƙaramarta tana juyi sama da 10,000 a minti, kuma a wannan gudun fenti ba ya jurewa. Ɗayan shi ne babban injin nan mai hannu biyu da faffaɗan kai da ake sa wa hular yadi, wanda ba shi da ƙarfin cire karce, iyakarsa shafa man sheƙi.

Game da ƙarfi, wat 500 zuwa 900 ya wadatar, kuma abin dubawa ya wuce lambar da ke kan kwali: a nemi injin da ke riƙe gudunsa idan an ɗora masa nauyi, mai maɓallin rage gudu da ƙarawa, wanda kuma yake tashi a hankali idan an kunna shi don kada ya watsa mai ko'ina. Nauyinsa kada ya wuce kilo biyu da rabi da yawa, domin goge mota ɗaya da kyau aikin sa'o'i ne, kuma rabin lokacin a gefen mota kake, injin yana rataye a hannunka. Idan da hali ka riƙe shi a kunne kafin ka biya, ka ji ko yatsunka za su fara mutuwa. Ka duba tsawon waya, ka tabbatar ƙarfin wutar da aka rubuta ya yi daidai da na inda kake, domin akwai na 110 akwai na 220 zuwa 240, kuma ka tambaya ko ana samun faifansa da gawayinsa, wato ƙananan baƙaƙen gutsattsarin da ke kai wuta ga motar injin, idan sun cinye. Mai batir yana raba ka da wayar da ke gogar fenti, amma batir ɗaya ba ya gama mota, sai ka tanadi na biyu.

Kada kuɗinka duka ya ƙare a kan injin, domin soso da mai su ne ke taɓa fentin. Soso iri uku ne a taƙaice, mai tauri na cin karce, matsakaici na gyara, da mai laushi na fito da sheƙi, kuma launinsu ba abin dogaro ba ne, tunda abin da ja ke nufi a wannan kamfani ba shi yake nufi a wancan ba. Soso ɗaya ba ya zagaye mota, yana cika da mai da garin fenti, ya yi zafi ya yi laushi ya daina ci, don haka a tanadi aƙalla uku ko huɗu na matsakaicin. Na ulu da na maikirofaiba, wato yadi mai siraran zaruruwa sosai, sun fi ci, a jinkirta su. Mai kuma biyu sun isa, mai kaushi da mai laushi, tare da tawul masu taushi da salatif na takarda don rufe robobi da kaifin jiki.

Ranar gwajin farko, a samo tsohon bonet daga wajen masu sayar da kayan mota a fara da shi. Ka ja layi ɗaya da alƙalami mai kauri a bayan faifan, domin da shi za ka riƙa ganin ko yana juyawa: idan layin ya tsaya yana rawa wuri ɗaya, ka sassauta hannu ko ka daidaita soson ya kwanta sosai. Idan an zo kan motar, a wanke ta tas, a yi aiki a inuwa jikinta da sanyi, a zaɓi wuri kamar santimita 40 a kan 40, a fara da soso da mai mafi laushi, a share a duba da tocila, sai idan karcen bai tafi ba a ƙara kaushi. Karcen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya yi zurfin da bai kamata a bi shi har ƙasa ba, a dai rage masa kaifi a bar shi. Idan kuma ka ga launin motar ya fito a jikin soso, ka tsaya nan take ka bincika, domin ko dai tsohon fenti ne mai hawa ɗaya wanda ba shi da kiliya tun asali, ko kuwa ka riga ka huda ta.