Babi na 6: Yadda za ki dawo da hankalinki idan ya gudu

A karanta wannan babi a hankali. Wadda ba ta iya haɗa baƙi ba tukuna, ta ba wadda ke kusa da ita ta karanta mata, ita kuma ta riƙa bin layi da yatsa.

Ran nan muna tsakiyar koyon harafin ɗ, sai wani ɗan kabu-kabu ya wuce ta bayan aji a guje, salansarsa a fashe. Wata dattijuwa da ta taso daga ƙauyukan Sabon Birni ta saki fensir ta yi waje, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba. Da ta dawo, gumi ya jiƙa mayafinta, ta ce, "Malama, ki yi man gafara. Shekara ukku ke nan da munka baro gida, amma in na ji babur sai in ga daren nan. Ban san mi ka damuna ba." Na ce, "Inna, zauna, ba ki yi laifin komai ba."

Abin da ke damunta yana damun da yawa a ajin nan, daga Isa, daga Goronyo, daga Rabah, har da waɗanda ba su taɓa barin cikin garin Sakkwato ba. Mutumin da ya daɗe cikin tsoron da ba ya da hanyar kuɓuta, ko a hannun 'yan bindiga, ko a gidan da ake duka kullum, ko tun ƙuruciya, jikinsa yakan saba da zaman ɗar-ɗar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Barci ya ƙi, mafarki ya yi muni, fushi ya zo ba sallama, mutum ya riƙa ganin kansa ba a bakin komai ba, ya kasa sakin jiki da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan a jerin cututtukanta da aka fara aiki da shi a 2022. Ciwo ne. Ba hauka ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Darasi na 1: Ido a buɗe, ƙafa a ƙasa

Ki zauna a kan tabarma ko benci. Ki zaɓi wurin da kike ganin ƙofa, bayanki yana jingine da bango. Ki cire takalmi. Ki aza tafin ƙafarki biyu a ƙasa, ki danna kaɗan, har ki ji sanyin siminti ko ɗumin yashi.

Idonki ya kasance a buɗe.

Na san dalilin da ya sa kuke rufewa. Da an ce a natsu, sai ku runtse ido kamar masu addu'a. A wannan aikin ba haka ake yi ba. Idan kin rufe ido kin koma cikin duhu, cikin duhun kuwa tsohon hoton yake jiranki. Ido a buɗe ne zai shaida miki cewa rana ce, aji ne, yau ce. Saboda haka ki buɗe ido. Idan kin ga ya rufe da kansa, ki sake buɗewa, ba wata matsala.

Yanzu ki duba kewaye da ke, ki faɗi abu 5 da kike gani. Lamba 5 ita ce biyar, yatsun hannu ɗaya. Ki faɗa da baki, ba a zuci ba: allo, randa, dogon yaro ta taga, butar alwala, zanen maƙwabciyata mai ruwan ganye. Ki faɗi launin kowanne. Ta yaya za ki ga abu biyar ido a rufe? To ki buɗe.

Sai abu 4 da jikinki ke taɓawa: tabarma, fensir, bakin mayafi, ƙwayar tasbaha. Ki murza ƙwayar ki ji santsinta. Sai abu 3 da kunnenki ke ji. Idan ƙarar babur na ciki, ki kira sunanta: "Wannan kabu-kabu ne, fasinja ya ɗauko." Har yanzu ido a buɗe yake? Duba. Madalla, kin yi ƙoƙari.

Ki rubuta a littafinki, manyan baƙi: INA NAN. YAU CE. Sau 3. Wadda hannunta ke rawa ta rubuta da rawar, zan gane.

Darasi na 2: Numfashi

Ki ja iska ta hanci kina ƙirga 4. Ki sake ta ta baki kina ƙirga 6, a hankali, kamar mai hura kunu mai zafi. Fitar ta fi shigar tsawo, don doguwar fitar numfashi ce ke rage gudun bugun zuciya. Ki yi sau 5 ki huta.

Wasu da sun maida hankali kan numfashi sai ƙirji ya ƙara cushewa. Idan ke ce, ki bari, ba dole ba ne. Ki koma Darasi na 1. A nan ma ido a buɗe. Makon jiya na waiwaya na tarar da rabin aji sun runtse, wata har hawaye na zuba. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ba don in wahalar da ku nake maimaitawa ba, na ga inda rufewar ke kai ku.

Darasi na 3: Bakin da kike yi wa kanki magana da shi

Ina jin ku. "Ni dai banza ce." "Da na yi sauri da ban rasa ɗana ba." "Kowa ya warke sai ni." Da ƙanwarki ce ta zo miki da wannan kukan, haka za ki ce mata? Ruwa za ki ɗebo mata a randa, ki ce sannu. To ke me kika yi da ba ki cancanci sannu ba?

Ki aza hannu a ƙirji, ko ki riƙe hannunki ɗaya da ɗayan idan taɓa ƙirji bai yi miki daɗi ba. Ki ce: "Wannan abu da zafi. Ba ni kaɗai ba ce. Sannu." Da farko zai yi miki banbaraƙwai, wata ma sai ta ji kuka ya taso. Ki tsaya, ki duba abu biyar, gobe ki sake. Kuma don Allah a daina dariya idan wata tana gwadawa. Wadda ta sake yin dariya, a waje za ta ƙarasa darasi.

Ki rubuta: SANNU.

Darasi na 4: Yaushe ake yi

Bayan sallar asuba da bayan la'asar, minti 3. Ki saba tun hankali na kwance, kada ki jira sai ya tashi.

Darasi na 5: Asibiti

Waɗannan darussa ba sa maye gurbin likita. Idan kwanaki sun wuce ba barci, ko kin kasa cin abinci da kula da yara, ko zuciya tana raya miki ki cutar da kanki, ki gaya wa wadda kika yarda da ita a ranar, ta raka ki asibiti mafi kusa. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari.

Darasi na 6: Aikin gida

A maimaita Darasi na 1, ido a buɗe. A zo da littafi da fensir ranar Litinin, ba ni da na aro.