Yadda ake tara raɓa don auna zaibar da ke sauka daga iska

Duk wanda ya taɓa bin hanyar gona da asuba a ƙarshen damina ya san yadda raɓa ke jiƙe ƙafar wando sharkaf. Wannan ruwan ba ya sauka shi kaɗai. Yana kwaso abin da ke yawo a iskar dare, ciki har da zaiba, wadda masu haƙar zinare ke kira makuri.

Zaibar da ke cikin iska kala uku ce. Fiye da kashi 90 cikin ɗari tururi ce zalla, ba ta narkewa a ruwa sosai, tana iya yin wata shida zuwa shekara tana yawo. Saura kuwa akwai wadda ta haɗu da wasu sinadarai ta zama mai narkewa, akwai wadda ta manne wa ƙura. Waɗannan biyun raɓa ke kamawa. A 2002 masu bincike daga Jami'ar Mishigan ta Amurka sun wallafa awon da suka yi wa zaibar cikin raɓa. Mu ma abin ya shafe mu: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna ƙananan masu haƙar zinare ne ke fitar da kusan kashi 38 cikin ɗari na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska, ga shi kuwa ana wannan sana'a a Zamfara da Neja da wasu sassan Nijar. Ɗalibin kimiyyar muhalli da ke neman aikin bincike, ga aiki a ƙofar gida.

Da farko, nemi ɗakin gwajin da zai karɓi ruwanka tun kafin ka tara shi. Awon na nanogiram ne, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram, kuma ba kowace na'ura ke ganinsa ba. Su ne za su ba ka kwalabe na gilashi ko na Teflon (wata irin roba da abu ba ya manne mata) da aka wanke da asid, da ruwa tatacce marar zaiba. Kada ka yi dabara da gorar ruwan sha.

Sai farantin tara raɓa. Ana so ya zama shimfiɗaɗɗen Teflon ko gilashi mai tsabta, ka auna faɗinsa da tsawonsa ka rubuta. Ɗora shi a kan farin soson nan da ake naɗe kayan lantarki da shi, don kada ɗumin ƙasa ya hana shi yin sanyi, domin sai faranti ya fi iska sanyi raɓa ke kwanta masa. Ɗaga shi kamar mita ɗaya daga ƙasa, a fili, nesa da bishiya da rufin kwano da hayaƙin murhu.

Zaɓi dare mai sarari, babu hadari, babu iska mai ƙarfi. A ƙasar Hausa ƙarshen damina zuwa farkon kaka ya fi. Idan hunturu ya kankama iska ta bushe, sai ka kwana kana gadin ƙura. Buɗe farantin bayan magariba, ka rubuta lokaci da zafin iska da laimarta.

Inda aikin yake lalacewa shi ne tsabta, kuma nan nake so a tsaya sosai. Mutum biyu ake bukata, kowa da sabuwar safar hannu marar hoda. Ɗaya shi ne mai hannu mai tsabta: kwalba da faranti kaɗai yake taɓawa. Ɗayan shi ke buɗe akwati, ya riƙe tocila, ya yi rubutu. Ku tsaya ta inda iska ba za ta kwaso daga jikinku zuwa farantin ba. Kada a yi numfashi a kansa, don wanda aka cike wa haƙori da cikon azurfa akwai zaiba a numfashinsa. Wanda ke shafa man bilicin ma ya ja baya, domin wasunsu da zaiba ake haɗa su, kuma abin da ke kan yatsa ɗaya ya isa ya rinjayi duk abin da raɓar ta tara.

Kwashe raɓar da assalatu, kafin rana ta fito. Hasken rana yana mayar da narkakkiyar zaiba tururi ta koma sama, ruwan ma ya ƙafe. Karkata farantin, ka tattaro ɗigon da mashari na Teflon zuwa cikin kwalbar da ka riga ka auna nauyinta. Rufe ta gam, ka sa a leda biyu, ka ajiye a kula mai duhu da sanyi. Giram ɗaya na ruwa daidai yake da mililita ɗaya, saboda haka sikeli zai gaya maka yawan abin da ka samu.

Kada ka bar wurin sai ka yi ruwan shaida: zuba tataccen ruwan nan a kan wani faranti mai tsabta, ka kwashe shi kamar yadda ka kwashe raɓar. In aka sami zaiba a cikinsa, daga kayanka ta fito.

Lissafin mai sauƙi ne. A misali, mililita 100 a kan murabba'in mita ɗaya, a ce an sami nanogiram 10 a kowace lita, to nanogiram ɗaya ke nan ya sauka a wannan daren. Ƙanƙani ne, amma a kan kowane ganye da ciyawa yake sauka, dare bayan dare, kuma ma'aunin ruwan sama ba ya ƙirga shi. In ruwa ya wanke shi zuwa tafki ko fadama, ƙwayoyin bakteriya na cikin laka kan mayar da wani ɓangarensa nau'in da ke taruwa a jikin kifi.

Dare ɗaya ba ya isa, wuri ɗaya ma haka. Sa faranti a kusa da inda ake ƙona curin zaiba da zinare, wani kuma a ƙauye mai nisa, ka kwashe su a darare iri ɗaya. Ka lura cewa abin da ke tashi wurin ƙonawa yawancinsa tururi ne zalla wanda raɓa ba ta kamawa sosai, don haka ƙarancin zaiba a kwalbarka ba ya nufin iskar wurin lafiya take. A nan ka roƙi ɗakin gwajin ya tace rabin ruwan, ya auna na ƙura daban, narkakke daban.