Yadda Ake Haɗa Man Resho Daga Ɓawon Kayan Marmari

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dole ta Damagaram da yamma a lokacin mangwaro ya san tarin ɓawo da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da ake zubarwa, ƙudaje na bi. Akwai sukari a cikin wannan shara. Idan yis, wanda ake sa wa ƙullin burodi ya tashi, ya ci sukarin sai ya fitar da alkol, wanda masana ke kira bayo'etanol, mai kamawa da wuta ba hayaƙi. Tun daga farko a sani, man resho ne ba abin sha ba. Ban da haramci, ɓawo yana fitar da wata guba mai suna metanol, wadda ke makantarwa, har ta kashe.

Ka fara da tara ɓawo kamar kilo 10. Na mangwaro da ayaba da abarba sun fi kyau, in kuma ka samu waɗanda suka nuna suka lalace gaba ɗaya, to ka dace, don zaƙinsu ya fi yawa. Ɓawon kankana kusan duk ruwa ne, bar wa awaki. Ka ɗauraye ƙasa, ka cire ƙwallon mangwaro, ka kirɓa sauran a turmi. Zuba a tukunya da ruwa lita 10, ya tafasa rabin awa. In akwai ɓawon lemu a ciki kada ka rufe tukunyar, domin man nan mai yaji da ke fatarsa yana hana yis aiki, gara ya bi tururi ya tafi.

Ka sauke, ya huce har sai ka sa yatsa ka ji ɗumi-ɗumi kawai. Tace da ƙyalle, ka matse sosai, ka juye ruwan a jarka mai lita 20. Jiƙa yis na masu burodi cokali uku a ruwan ɗumi, ka zuba. Huda murfin jarkar, ka zura siririn tiyo, ka liƙe gefensa, ɗaya bakin kuma ka nutsa shi cikin kwalbar ruwa. Iskar da yis ke fitarwa za ta samu hanya, ta waje ba za ta shiga ba. In ta shiga, aikinka ya koma ruwan tsami.

A nan ne Damagaram ke da tata matsalar. Yis ya fi jin daɗi a wajen digiri 30, in zafi ya haura 40 sai ya fara mutuwa, ga shi kuma mangwaro da bazara tare suke zuwa, lokacin da Afrilu da Mayu ke gasa gari. Jarkar da aka bari a ɗakin kwano da rana tsaka ba za ta kai labari ba. Ka yi mata abin da iyayenmu mata ke yi wa randa: inuwa mai iska, jiƙaƙƙen yashi a gindi, jiƙaƙƙen buhu a jiki, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Za ka ga kumfa na ɓulɓulowa a kwalbar tun ranar farko. Bayan kwana huɗu zuwa bakwai zai tsaya, ka san an gama.

Saura raba alkol da ruwa. Alkol yana tafasa a digiri 78, ruwa sai a 100, don haka shi ne ke riga tashi. Mai walda zai iya haɗa maka tukunya mai murfi da ke rufuwa gam, da bututun jan ƙarfe naɗaɗɗe da zai bi ta cikin bokitin ruwan sanyi. Ka ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, a fili, nesa da yara. Bakin bututun ya kasance a buɗe kullum, toshe shi yana iya fasa tukunya, kuma kwalbar da ke tarar ɗigon ta yi nisa da murhu. Ruwan bokiti in ya yi zafi ka canza, ka ajiye shi ya huce don zagaye na gaba. Wanda ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa ba sai an faɗa masa dalili ba.

Fitar farko tana da ruwa da yawa. Ka maimaita sau biyu ko uku, sannan ka gwada a cokali da ashana. In ya kama ya ƙone, ruwa kaɗan ya rage, ya yi.

Kada ka sa ran abu mai yawa. Kilo ɗaya na sukari, ko da yis ya cinye shi tas, bai wuce ya ba da lita 0.6 da 'yan kai ba, ɓawo kuwa sukarinsa kaɗan ne. Shi ya sa na fi son aikin ga ƙungiyar matasa da za su riƙa kwashe sharar masu sayar da kayan marmari kullum, su nemi izinin hukuma, ragowar ɓawon da aka matse kuma su mayar da ita taki ga masu lambu a Miriya.

Ka ɗiga bula a man don kada a ɗauka ruwa ne, ka rubuta "guba" a jikin kwalbar. Kada ɗan kabu-kabu ya zuba a babur, akwai sauran ruwa a ciki. Harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana, saboda haka ka kashe resho, ya huce, kafin ka ƙara masa mai.