Yadda Ake Sassaƙa Samfurin Jirgin Lindbergh da Katako

Wanda zai sassaƙa ƙaramin samfurin jirgin sama na tarihi yana buƙatar ya san dalilin da ya sa jirgin ya ɗauki siffar da ya ɗauka, domin idan bai sani ba, hannunsa zai riƙa gyara abin da ba kuskure ba ne. Wannan ya fi fitowa fili a jiragen da suka fara ƙetare Tekun Atlantika, waɗanda ɗaya daga cikin manyan matsalolinsu ita ce yadda za a ɗauki isasshen mai.

Ga jirage uku daga cikinsu. Na farko shi ne NC-4 na sojan ruwan Amurka, mai inji huɗu kuma mai sauka a kan ruwa, wanda ya isa Lisbon ta Fotugal ranar 27 ga Mayun 1919 bayan ya yada zango a Newfoundland da tsibiran Azores. Na biyu shi ne Vickers Vimy, wanda John Alcock da Arthur Whitten Brown suka tashi da shi daga birnin St. John's na Newfoundland ranar 14 ga Yunin 1919, suka sauka washegari a wata fadama kusa da Clifden a Ayilan bayan kimanin awa 16 ba tare da tsayawa ba, suka kuma karɓi kyautar fam 10,000 ta jaridar Daily Mail. Na uku shi ne Spirit of St. Louis, wanda Charles Lindbergh ya tuƙa shi kaɗai daga Niyok zuwa Paris a ranakun 20 da 21 ga Mayun 1927, cikin awa 33 da rabi. Ga mai koyo, na ukun nan ya fi dacewa, domin fiffikensa ɗaya ne kuma injinsa ɗaya, alhali sauran biyun suna da fiffike sama da ƙasa, da tarin sanduna da wayoyi masu gwada haƙurin gwani ma.

Aiki na farko shi ne lissafin ma'auni. Tsawon fiffiken jirgin Lindbergh daga wannan ƙarshe zuwa wancan mita 14 ne, gangar jikinsa kuma kimanin mita 8.4. Idan aka ɗauki ma'aunin 1:32, wato aka raba kowane tsawo gida 32, fiffiken zai zama santimita 44, jiki santimita 26, faɗin fiffike kuwa ɗan ƙasa da santimita 7. Wannan girma yana zama a kan tebur, kuma bai yi ƙanƙantar da ƙananan sassa za su gagari yatsa ba. A nemi zanen jirgin mai nuna shi ta fuska uku, ta gefe da ta sama da ta gaba, a buga shi daidai da ma'aunin, sannan a tabbatar da rula kafin a yanka komai, saboda injin buga takarda yakan rage girman zane ba tare da an lura ba.

Game da katako, abin nema shi ne busasshe wanda jijiyarsa ta miƙe kuma babu ƙulli a cikinsa. Balsa yana da sauƙin yanka, sai dai laushinsa ya yi yawa, ko farce yana barin tabo a jikinsa, don haka ya fi amfani ga samfurin da ake so ya tashi. Mahogani yana da kyau ƙwarai idan za a bar launin katakon a fili, amma yana gajiyar da hannun sabon shiga. Katako mai matsakaicin tauri shi ne zaɓin da ya fi. Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin zarto, wuƙa mai kaifi, magagari, sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, gam ɗin katako, siririyar waya, da abin huda rami.

Ana fara gangar jiki da guntun katako mai kusurwa huɗu. A ja layin tsakiya da fensir a kowace fuska, a manna zanen gefe a yanke shi da zarto, a bar ɗan rara a wajen layi. Daga nan a mayar da ɓaren da aka yanke wurinsa da ɗigon gam kaɗan domin fuskar sama ta koma shimfiɗaɗɗiya, a manna zanen sama a sake yankewa. Idan aka cire ɓaren, jirgin ya riga ya fito a dunƙule. Duk lokacin da wuƙa ta share layin tsakiya, a sake jan sa nan take, domin da shi ake gane ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya rama. A riƙa fiƙewa ta inda jijiyar katako ta nufa, kuma bakin wuƙa ya fuskanci nesa da yatsu.

A wannan mataki ne masu koyo suka fi kauce wa hanya, ta wajen mulmula jikin ya zama kamar na jiragen zamani. Jikin jirgin na gaskiya firam ne na bututun ƙarfe da aka lulluɓe da yadi, saboda haka gefunansa shimfiɗaɗɗu ne masu kusurwa a bayyane, kuma hancinsa kaɗai ne ke da zagaye. Haka kuma babu gilashin gaba ko kaɗan. Donald Hall, wanda ya tsara jirgin a kamfanin Ryan da ke San Diego, ya sa babban tankin mai a gaban matuƙi, a ƙarƙashin fiffike, domin kada daidaiton jirgin ya canza yayin da man ke raguwa, kuma Lindbergh bai so ya zauna tsakanin inji da tanki idan aka yi hatsari. Da tagogin gefe da wani madubin leƙe a gefen hagu yake ganin gabansa. Duk wanda ya huda wa samfurinsa tagar gaba ya ƙera wani jirgi ne dabam.

Fiffike guda ɗaya ake yin sa, daga katako mai kaurin da bai kai santimita ɗaya ba, jijiyarsa kuma ta bi tsawonsa don kada ya karye. Ƙasansa a bar shi kusan a shimfiɗe, samansa a lanƙwasa, kaurin ya fi yawa wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba, sannan ya yi ta sirancewa zuwa baya. Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce a naɗe sanfefa a jikin dogon katako mai santsi a riƙa gogawa daga ƙarshe zuwa ƙarshe, domin sanfefar da aka riƙe da yatsu kawai takan bar kwari da tudu. Tsawon fiffiken zai yi kamar ya wuce kima idan aka gwada shi da jiki, jelar kuma ta yi kamar ta yi kaɗan, amma haka suke: an tsawaita fiffiken don ya ɗauki nauyin galan 450 na mai, jelar kuwa ba a ƙara mata girman da ya dace da hakan ba, abin da ya sa jirgin bai da natsuwa a sama.

Injin, wato Wright Whirlwind, yana da silinda 9 da suka kewaye hanci a fili. A yanka gajerun sanduna 9 masu tsawo ɗaya, a naɗa musu siririyar waya don ta yi kama da zara-zaran da ke sanyaya inji, a dasa su a tazarar digiri 40, ɗaya a tsaye daidai sama. Farfelar mai reshe biyu ce. Ƙafafun taya da sandunan da ke tallafe fiffike su ne suka fi saurin karyewa, don haka kada a dogara da gam kaɗai. A huda ƙaramin rami a cusa guntun waya a kowace mahaɗa. Kafin a sa gam a ko'ina, a harhaɗa sassan a bushe, a dubi jirgin ta gaba a tabbatar cewa ƙarshen fiffike biyun suna nisa ɗaya daga tebur.

Kafin fenti, a shafa abin da zai toshe ƙofofin katako, a goge da sanfefa mai laushi, a maimaita har fuskar ta yi sumul, domin fentin azurfa yana tona kowane ƙarzane. Shafi uku marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri. Lambar N-X-211 da sunan jirgin da baƙi ake rubuta su. Ƙarfen hancin yana da ado na ƙananan da'irori masu hawa kan juna, ana kuma iya kwaikwayonsa ta hanyar manna siririyar takardar alminiyam a murza ta a hankali da gindin fensir mai magogi.

A ƙarshe sai mai aikin ya yanke shawarar wane lokaci na rayuwar jirgin yake nunawa. Jirgin na gaskiya da ke gidan tarihin Smithsonian a Washinton yana ɗauke da tutocin ƙasashe a hancinsa, kuma hancin ya koma ruwan zinariya saboda man kariya da aka shafa masa daga baya. Tutocin an zana su ne a rangadin da Lindbergh ya yi bayan ya dawo daga Faransa, saboda haka samfurin da ke wakiltar safiyar 20 ga Mayun 1927 zai kasance da hanci ruwan azurfa, ba tare da tuta ko ɗaya ba.