Yadda za ka gane inda ikon hasumiya ya tsaya a filin jirgi

Da zarar jigilar maniyyata ta matso, manyan jirage suka fara sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III da ke nan Sakkwato, sai hankalina ya koma kan sababbin yaran da nake koya wa aikin farfajiyar ajiye jirage. Ɗaura sandar tura jirgi da sa wa taya waigi ba sa ba su wuya, kwana biyu sun iya. Inda suke tuntuɓe guda ne: sun ji hasumiya, wato tawa, inda masu ba jirage umarni ke zama, ta ce ta amince a tura jirgi baya, sai su ɗauka ta ce musu bayan jirgin babu komai.

Fara da sanin gonar wa kake takawa. A tsarin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, titin tashi da sauka da hanyoyin da jirgi ke bi ya kai gare shi su ne ke hannun masu kula da zirga-zirgar jirage, farfajiya kuwa ba ta cikin wannan lissafi. A Nijeriya ma'aikatan NAMA, hukumar kula da sararin samaniya, ne a hasumiya, FAAN, hukumar filayen jiragen sama, ke riƙe da filin, kamfanonin hidimar ƙasa kuma su ke tura jirgi da loda kaya. Ɗauki taswirar filin daga AIP, littafin bayanan filayen jiragen sama na ƙasa, ka duba NOTAM ta ranar, wato sanarwar canje-canje da ake fitar wa ma'aikatan jirage, ka sa biro a daidai inda farfajiya ta haɗu da hanya. Ni ba na barin yaro ya sa hedfon ɗin magana da matuƙi sai ya nuna min wurin da yatsa, a takarda da kuma a ƙasa. A Amurka suna shata iyakar da layi biyu ruwan ɗorawa, ɗaya miƙaƙƙe ta gefen farfajiya, ɗaya mai tsinke-tsinke ta gefen hasumiya. Ba kowane fili ke da shi ba, kuma kada ka rikita shi da layi huɗun nan na bakin titin tashi, biyu miƙaƙƙu biyu masu tsinke-tsinke, wanda ba a ƙetare shi sai da izini ƙarara.

Yanzu ga wurin da nake so ka nutsu. A manyan filayen duniya farfajiya na da mai kula da ita a tashar rediyo daban, idan ka kai iyaka sai ya miƙa ka ga mai kula da hanyoyi. A filin da zirga-zirga ba ta da yawa, sau tari murya ɗaya za ka ji tun daga kunna inji har tashi. Muryar ba ta canja ba, sai mutum ya manta cewa alhakin ya canja. Amincewar da ma'aikacin hasumiya ya bayar ma'anarta ba shi da wani jirgi da turawarka za ta tare wa hanya. Bai ɗauki nauyin motar mai da aka ajiye a karkace ba, ko matakalar da aka manta ba a janye ba, kuma daga inda yake zaune ba lallai ne ya hango su ba.

A wani fili da na yi aiki kafin in dawo gida, da dare, muna tura babban jirgi. Yaron da ke kan hedfon ya ji matuƙi ya ce an amince, ya ɗaga wa direban motar turawa hannu. Ni ina gefen dama, sai na ga ƙarshen fiffike na nufar saman wata matakala, tazarar ba ta fi kamu uku ba. Na gicciye sanduna biyu masu haske a saman kaina, direba ya taka birki. Yaron ya zare hedfon jikinsa na rawa ya ce, "Oga, ai tawa ta ce mu tafi." Na ce masa, "Ɗana, tawa ta ba ka lokaci, ba ta ba ka ido ba." Da hakan ta faru da jirgin alhazai, da ɗaruruwan tsofaffi sun kwana a sansani suna jiran injiniya.

Saboda haka kafin taya ta motsa, zagaya jirgin da ƙafarka. Sa mutum a ƙarƙashin kowane fiffike. Na san ana rage su zuwa ɗaya idan hannu ya yi ƙaranci, ni dai ban yarda da wannan arahar ba, kuɗin aikin mutum guda na dare ɗaya bai kai kuɗin fentin fiffike ba. Boeing 747-400 faɗinsa daga fiffike zuwa fiffike ya kai mita 64, kuma idan yana kwana ƙarshen fiffiken na waje yana yin faɗi fiye da yadda ido ke zato. Sannan ka tambayi matuƙi ina aka ce hanci ya fuskanta, ka maimaita masa. Kalmar "roja" ma'anarta na ji, ba izini ba ce. "Standbai" kuma dakata ne, kada ka matsa ko taku ɗaya.

In an gama turawa, a ja birki, a cire sanda, ka matsa gefen da matuƙi zai gan ka, ka ɗaga masa fil ɗin da ka zare daga tayar gaba, wanda ke raba ta da sitiyarin matuƙi lokacin turawa. Daga nan shi da hasumiya ne. In kuwa kai ke tuƙa mota, ba ka ƙetare iyakar nan sai da oba-oba a hannu da izini da sunan motarka. Lokacin hunturu da hazo ke rufe Sakkwato, in ka rasa inda kake, tsaya cak ka faɗa. Ranar 8 ga Oktoban 2001 a filin Linate na birnin Milan a Italiya, ƙaramin jirgi ya baro farfajiya cikin hazo ya bi hanyar da ba ita aka ba shi ba, ya faɗa gaban jirgin kamfanin SAS mai shirin tashi, mutum 118 suka rasu.

Jirgi mai shigowa kuma juya abin kawai za ka yi. Hasumiya ta kawo shi bakin farfajiya, mai nuna hanya da sanduna ya karɓe shi. In ba ka tabbata wurin ajiyewa a share yake ba, kada ka kira shi ciki, bar shi ya tsaya a layi. Kada kowa ya kusanci jirgin sai inji ya mutu, jar fitilar nan mai walƙiya ta ɗauke, an sa waigi.